Jiri da Hajijiya: Waya Ta Ɗauki Shaida, Likita Ya Yanke Hukunci

Wata uku cur gwaggona ta yi tana sallah a zaune. Gwiwarta lafiya lau, bayanta ma haka. Amma da zarar ta sunkuya ruku'u ko ta kai goshi ƙasa, sai ta ga ɗakin ya kama juyawa kamar fanka. Haka nan idan ta juya ɓangaren dama a kan gado cikin dare. Abin ba ya kai minti ɗaya, amma ya isa ya sa ta amai, ta wuni tana dafa bango.

Sau biyu aka yi mata maganin taifot da maleriya a wani kemis na unguwa. Aka auna jininta, aka ce ya ɗan hau, aka ƙara mata ƙwayoyi. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, ta kawo hayaƙi. In an kai ta asibiti kuwa, kafin layi ya zo kanta jirin ya daɗe da tafiya, likita ya ga mace garau a zaune tana ba shi labarin abin da bai gani ba.

Bidiyo na daƙiƙa 20 ne ya warware mana matsalar. Wata safiya abin ya taso mata ƙanwata tana kusa, sai ta ɗaga wayarta ta fara ɗauka. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, ina fama da kaina kina ɗaukata hoto?" A bidiyon ana ganin ƙwayoyin idonta suna fizga sama suna ɗan murɗawa, sannan suka lafa. Da muka samu ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, sau biyu ya kalli bidiyon, ya ce ta hau gado. Ya juya kanta gefe, ya kwantar da ita da sauri yana cewa, "Hajiya, ki daure kada ki rufe ido, yanzu zai wuce." Idon ya yi irin rawar da muka gani a waya. Daga nan ya riƙa juya mata kai mataki-mataki na 'yan mintoci. Zuwa biyu muka yi. Ba allura, ba ƙwaya, Gwaggo ta koma sallah a tsaye.

Tun daga lokacin nake bibiyar aikin da masu bincike ke yi na koya wa kwamfuta karanta motsin ido don gano cututtukan da ke jawo jiri da rashin daidaiton jiki. Ra'ayina a taƙaice shi ne: fasahar gaskiya ce, kuma mu da ke da ƙarancin ƙwararrun likitoci mun fi kowa buƙatarta. Amma aikin da ya dace da wayar da ke hannunka a yau shi ne ɗaukar shaida. Duk manhajar da ta ce za ta yanke maka hukunci a kan jirin mahaifinka, ka yi taka-tsantsan da ita, domin akwai jirin da ke kashe mutum.

Me ya haɗa ido da kunne?

Kafin ka ci gaba da karatu, gwada wannan. Riƙe wayarka cak, ka riƙa girgiza kanka dama da hagu da ɗan sauri kana kallon rubutun nan. Za ka ga kana iya karantawa. To yanzu tsayar da kanka, ka girgiza wayar da irin wannan saurin. Rubutun ya dagule, ko?

Dalili yana can cikin ƙuryar kunnenka. A kowane kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ɓurɓushin tsakuwa, su kuma suna jin karkata da tafiya gaba ko sama. In kana son misali daga wayarka, aikinsu ɗaya da na'urorin nan da ke sa fuskar waya ta juya in ka kwantar da ita, ko su sa motar wasan gem ta karkata in ka karkata hannunka. Da kai ya motsa, kunne yana aika saƙo zuwa jijiyoyin ido cikin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ido ya juya kishiyar inda kai ya nufa, hoto ya tsaya cak. Irin aikin da kyamarori masu tsada ke yi ke nan don kada bidiyo ya yi rawa. Waɗanda wannan tsari ya lalace musu a kunne biyu, kamar yadda allurar jentamaisin kan jawo wa wasu, suna ganin duniya na tsalle duk lokacin da suke tafiya.

Tunda kunne ne ke tuƙa ido, duk sa'ad da kunne ya aika saƙon ƙarya, ido zai tona asiri. Zai riƙa zamewa a hankali zuwa gefe ɗaya, ya fizgo da sauri, ya sake zamewa. Likitoci suna kiran wannan rawar ido nistagmus. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan labarin kunne ido ake tambaya. Ilimin ba sabo ba ne. Robert Bárány, likita daga Ostiriya, ya samu kyautar Nobel ta 1914 a kan binciken wannan sashe na kunne.

Kowace cuta da salon rawarta. Abin da ya samu Gwaggo shi ne 'yan tsakuwoyin nan suka ɓalle suka faɗa cikin ɗaya daga bututun, sai su riƙa tura ruwan duk lokacin da kai ya canza matsayi. Ana kiran ciwon BPPV, kuma shi ne kan gaba a cikin cututtukan kunne masu sa hajijiya. Gwajin da likitan ya yi mata, Margaret Dix da Charles Hallpike ne suka bayyana shi a Landan a 1952, juyin kan da ya mayar da tsakuwoyin mazauninsu kuma John Epley na Amurka ne ya wallafa shi a 1992. Akwai kumburin jijiyar kunne, wanda ke kwantar da mutum kwanaki yana hajijiya ba tsayawa. Akwai cutar da Prosper Ménière ya bayyana a Faris a 1861, mai zuwa na sa'o'i tare da ƙara a kunne da raguwar ji. Akwai jirin da ke tafe da ciwon ɓarin kai. Duk waɗannan, mara lafiya kalma ɗaya zai faɗa maka: jiri. Idonsa ne ke rarrabe su.

Abin da na'ura ke koya

Matsalar ita ce karanta rawar ido sai gwani. Tana da sauri, wani lokaci ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma bambancin fizga sama da murɗawa gefe yakan kuɓuce wa likitan da ba fanninsa ba ne. Shi ya sa manyan asibitoci ke amfani da wani tabarau mai kyamara a ciki, wanda ke ɗaukar ƙwayar ido ya mayar da motsinta zane a kwamfuta. Amma zanen ma sai an samu mai fassara shi.

A nan koyon na'ura ya shigo. Maimakon a rubuta wa kwamfuta dokoki ɗaya bayan ɗaya, sai a tara mata dubban bidiyoyin ido waɗanda ƙwararru suka riga suka yi wa alama: wannan rawar hagu ce, wannan ta sama ce, wannan babu komai. Ta yi hasashe, a nuna mata kuskurenta, ta gyara lissafinta, a sake, har ta fara gane salon a bidiyon da ba ta taɓa gani ba. Haka aka koya wa wayarka gane fuskarka a cikin hotuna. Aikin hawa uku ne: ta gano inda ƙwayar ido take a kowane hoto, ta auna gudunta da inda ta nufa, sannan ta danganta salon da cuta.

An yi nisa a kowane hawa. A 2019 masu bincike a Koriya ta Kudu sun horar da irin wannan tsari da dubban bidiyoyi don ya gane wane bututu ne tsakuwa ta shiga. A wannan shekarar, likitoci a birnin Sidni na Ostareliya suka wallafa sakamakon ba marasa lafiya 117 ƙaramin tabarau mai kyamara su tafi da shi gida, su ɗauki idonsu a daidai lokacin da jiri ya taso. A Norwich ta Ingila an ƙera wata na'ura mai suna CAVA da ake maƙalawa a fuska har kwana 30, kwamfuta ta tace bayanan ta ciro lokutan da ido ya yi rawa. A Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka an gwada auna motsin ido da kai da kyamarar gaba ta iPhone. A 2023 kuma wasu masu bincike a Jamus suka nuna cewa ana iya auna gudun rawar ido daga bidiyon waya.

Su ma kamfanonin waya sun daɗe suna leƙen idonmu. Tun 2012 Samsung Galaxy S3 ke hana fuskar waya mutuwa muddin kana kallonta, a 2024 kuma Apple ya sa damar sarrafa iPhone da ido a cikin iOS 18. Ke nan kayan aikin suna matsowa aljihunmu, babu tantama.

Jirin da ke kashe mutum

Da a ce duk jiri irin na Gwaggo ne, da ban damu ba. In manhaja ta yi kuskure, iyakaci a ƙara mako ana wahala. Amma akwai wanda ba daga kunne yake ba. Jijiyar jini takan toshe a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ko a gindin ƙwaƙwalwa inda take haɗuwa da laka. Wannan ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, amma sau da yawa ba ya zuwa da karkacewar baki ko mutuwar hannu da muka saba gani. Mutum zai ji hajijiya da amai da kasa tafiya kawai, daidai da mai kumburin jijiyar kunne. Ɗayan zai warke a gida. Ɗayan kuwa ƙwaƙwalwarsa tana iya kumbura cikin kwana biyu ko uku ya rasa ransa.

A 2009 Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokan aikinsu suka wallafa bincike a kan marasa lafiya 101 masu irin wannan hajijiya. Sun nuna cewa gwaji uku na ido, da ake kira HINTS, ya kama duk waɗanda ciwonsu daga ƙwaƙwalwa yake, alhali hoton MRI na cikin awa 48 na farko ya kuskure kimanin kashi 12 cikin ɗari daga cikinsu. Wato duban ido na 'yan mintoci ya doke injin miliyoyi. Sai dai masu duban gwanayen fannin ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a hannun wanda bai samu horo ba, gwajin ba ya ba da irin wannan sakamakon. Don haka Newman-Toker ya kawo shawarar a samar wa ido abin da ECG ya zame wa zuciya: na'urar da kowane ma'aikacin lafiya zai ɗora wa mutum ta fitar da awo. A gwajin farko da suka wallafa a 2013, tabarau mai kyamara ya rarrabe marasa lafiya 12 daidai, shida na kunne, shida na ƙwaƙwalwa.

Yanzu ka dubi halin da muke ciki. Hawan jini ya yi katutu a gidajenmu. Injin MRI sai manyan birane, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Ƙwararrun likitocin kunne da na ƙwaƙwalwa yawancinsu suna asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. In aka samu abin da zai taimaki ma'aikacin asibitin karkara ya gane wa zai riƙe, wa zai tura birni a daren nan, rayuka za a ceta. Ban ga mai hankalin da zai ƙi wannan ba.

Me ya sa ban yarda manhaja ta yanke hukunci ba?

Dalili na farko yana cikin gwajin kansa. A ɗaya daga gwaje-gwaje ukun nan, likita yana juya kan mara lafiya da sauri yana kallon ko ido zai zame daga abin da yake kallo ya fizgo. Idan ya zame, alama ce ta ciwon kunne, wato labari mai sauƙi. Idan ido ya tsaya daidai kamar na mai lafiya, alhali mutum yana cikin hajijiya ba tsayawa kuma idonsa na rawa, to nan ne hankalin likita ke tashi, domin kunne ya wanke kansa, zargi ya koma ƙwaƙwalwa. Ka ga sakamakon da ya yi kama da lafiya shi ne mai haɗari. Yi tunanin manhajar da za ta nuna wa yaro alamar kore da rubutu "idonka lafiya", shi kuma ya ce wa mahaifinsa, "Baba, waya ta ce ba komai, ka kwanta ka huta." Ma'anar awon ta dogara ga wane ne aka auna, tun yaushe jirin ya fara, yana iya tsayuwa ko ba ya iya, yana da hawan jini ko ciwon suga. Kyamara ba ta ganin waɗannan.

Na biyu, waya ba tabarau ba ce. Tabaran asibiti yana ɗaukar hotuna kimanin 250 a daƙiƙa, bidiyon waya na yau da kullum kuwa 30 ne. Talatin ta isa a ga rawar ido irin ta Gwaggo, amma fizgar da ake nema a gwajin juya kai tana iya farawa ta ƙare cikin hoto ɗaya ko biyu. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. Idan mutum ya kafa ido a kan wani abu, ƙwaƙwalwa tana danne rawar idon da ta fito daga kunne, har ta ɓace wa mai kallo. Shi ya sa likitoci ke duba ido a cikin duhu da hasken da ido ba ya gani, ko su sa wa mutum tabarau mai kaurin gilashi don kada ya ga komai sosai. Wanda aka ce ya kalli fuskar waya mai haske, an ba shi abin kafa ido ke nan. Manhaja tana iya cewa ba ta ga komai ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma don yanayin ɗaukar ne ya ɓoye abin.

Na uku, da idon wa aka koya mata? Na'ura ba ta san abin da ba a nuna mata ba. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin nazarin fuska na manyan kamfanoni, suka tarar kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. A 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini ta fi kuskuren gano ƙarancin iska a baƙar fata kusan sau uku. Ido ma yana da nasa. A hasken yau da kullum, raba ɗigon tsakiyar ido da kewayensa ya fi wuya a ido mai duhu irin namu fiye da shuɗin ido. Kwalliyar ido tana rikita manhajojin bin ƙwayar ido, domin suna neman wuri mafi duhu ne, mu kuma iyayenmu mata da wuya ka gan su ba kwalli. Ga yanar ido a tsofaffi. Binciken da na lissafa a sama an yi su ne a Koriya da Ostareliya da Turai da Amurka, wasu da iPhone, a ɗakuna masu haske. Mu Tecno da Infinix da itel ne a hannunmu, a ɗakin da aka ɗauke wuta.

Kada a ce ina zuzuta abu. Google ya taɓa kai manhajarsa ta gano illar ciwon suga a ido zuwa asibitoci 11 a Tailan. A ɗakin gwaji ta yi rawar gani. Da aka je asibitocin gaske, sai ta ƙi karɓar kimanin kashi 21 cikin ɗari na hotunan, saboda rashin kyawun haske, ga kuma intanet mai jan ƙafa. Ma'aikatan Google da kansu suka wallafa wannan a 2020. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da ya shafe mu shi ne wanda aka yi a irin asibitocinmu.

"Ai da babu gara ba daɗi"

Na san amsar da wasu za su ba ni, kuma tana da ƙarfi. Za su ce: kai kana maganar kuskuren manhaja, to mai kemis ɗin da ya ba Gwaggo maganin taifot sau biyu fa? A ƙauyen da babu likita, manhajar da ke dacewa sau takwas cikin goma ba ta fi hasashe ba?

Ta fi, idan an ajiye ta inda ya dace. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da ita da kuma abin da aka ce ta faɗa. Manhaja a hannun nas ko ma'aikacin lafiya na karkara wanda aka horar, wadda aikinta shi ne ta ce "wannan a tura shi yanzu" ko "aika bidiyon nan ga ƙwararre", ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. In ta yi kuskure ta tura wanda bai kamata ba, an yi asarar kuɗin mota. Amma manhajar da kowa zai sauke kyauta, tana cike da tallace-tallace, tana gaya wa mutane su kwantar da hankalinsu, kuskurenta ba ya gyaruwa. Mai kemis aƙalla in ya ga abin ya ƙi, yakan ce a tafi asibiti. Mu kuma mun saba gaskata duk abin da ya fito a fuskar waya da lambobi da zane, kamar ba ɗan Adam ne ya rubuta shi ba.

Kuma akwai hanyar da ake bi kafin a yarda na'ura ta yanke hukunci ita kaɗai. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan tsari na farko, mai suna IDx-DR, don duba idon masu ciwon suga, bayan an gwada shi a kan ɗaruruwan mutane a asibitocin unguwa. Kasancewar manhaja a Play Store ba ya nufin ta bi wannan hanya. Kafin ka yarda da kowace, tambayi abu uku: wace hukumar lafiya ce ta amince da ita, a kan su wa aka gwada ta, kuma ina bidiyon fuskar ke tafiya bayan an ɗauka? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Fuskar mahaifiyarka tana cikin ciwo ba abin da za a ba kowane kamfani ba ne a kyauta.

Abin da za ka iya yi tun yau

Ba sai ka jira wata manhaja ba. Babbar matsalar likita a kan jiri mai zuwa ya tafi ita ce bai gani ba, kuma gani ya kori ji. Idan wani naka yana fama da shi, ga yadda za ka ɗauki bidiyon da zai amfani likita.

Ka fara zaunar da shi ko kwantar da shi don kada ya faɗi. Yi amfani da kyamarar baya, domin ta gaba takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu, kuma ɓangaren da ido ke fizga yana daga cikin abin da likita ke nema. Matso kusa har idanu biyu su cika hoton, a wuri mai haske, amma kada ka dalle masa fitilar waya. Ka roƙe shi ya buɗe ido ko da yana jin son rufewa, ya kalli gaba na daƙiƙa goma, sannan dama, sannan hagu, ba tare da juya kai ba. Kana ɗauka kana faɗin lokaci, da abin da yake yi sa'ad da abin ya taso, da gefen da yake kwance. In za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi ingancinsa ya ragu. Kada ka kama kan mutum kana fizga don ka ga an yi a YouTube. Wannan aikin wanda aka horar ne, musamman ga tsofaffi da masu ciwon wuya.

Sannan ka riƙe wannan da kyau. Idan jiri ya zo farat ɗaya ya ƙi tsayawa, kuma mutum ya kasa tsayuwa ko tafiya, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ko fuska ta yi sanyi, ko kansa na sarawa yadda bai taɓa ji ba, ko kunne ɗaya ya toshe nan take, ajiye wayar ka nemi mota. In akwai mai ɗaukar bidiyo a hanya, to. Maganin narkar da gudan jini yana da iyakar lokaci, yawanci awa huɗu da rabi daga farawar alamu, kuma ba ya jiran kowa.

Ga masu rubuta manhaja a cikinmu

Na san da yawa daga masu karanta wannan shafi suna koyon rubuta manhaja, wasu ma sun fara taɓa AI. In kuna neman aikin da zai yi amfani, abin da ya fi ƙaranci a wannan fanni ba dabarar lissafi ba ce, domin ita tana nan a intanet kyauta. Bidiyoyin idanunmu ne babu: waɗanda aka ɗauka da wayoyinmu, a haskenmu, da yardar masu su, kuma ƙwararren likita ya yi musu alama. Ɗalibin kwamfuta a Bayero ko Zariya ba zai iya tara su shi kaɗai ba, likitan kunne ma ba zai iya shi kaɗai ba, sai an haɗu, da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti. Ko 'yar manhaja mai sauƙi da za ta jagoranci mutum da Hausa ya ɗauki bidiyon ido daidai, ta adana shi da lokaci, ta aika wa likita ba tare da ta ce uffan a kan cutar ba, ta isa ta rage wa dubban gidaje wahala irin tamu.

Ƙanwata ba ta san sunan ciwon Gwaggo ba ranar da ta ɗaga waya. Ba ta ce mata tsakuwa ce a kunne ba, ba ta ce taifot ba ne ko ba taifot ba ne. Ta dai riƙe abin da ta gani har ya isa gaban wanda ya iya karanta shi. Ranar da aka samu manhajar da aka gwada a asibitocinmu, a kan idanunmu, ta kuma ci jarrabawa, ni ne zan fara rubuta muku yadda ake sauke ta. Kafin nan, in jiri ya kama wani a gidanku kuma babu alamun haɗarin da na lissafa, ku zaunar da shi, ku juya kyamarar baya, ku ɗauki daƙiƙa talatin ku kai wa likita.